Lauyar da Ba a Gani a Kaset

Ranar da Munira ta fara ganin Nasrullahi, yana sanye da baƙar riga ta yadin labule, kansa ɗauke da hular auduga, yana cusa kuɗi a aljihu a gaban jama'a. A filin wata firamare ne a Nguru, da yammacin Asabar, a shekarar da layin waya ya iso garin. Ƙawarta ce ta ja ta kallon wasan kwaikwayo, wai ta huta da karatu, tunda ba ta daɗe da gama makarantar lauyoyi ba.

Sunansa a wasan Barista Cinye-Duka. Ya karɓa a hannun ɓarawo, ya karɓa a hannun mai kaya, ya ɗaga hannu sama ya yi kirari: "Kawo kuɗi, in kawo gaskiya!" Fili ya ɗauka da shewa. A ƙarshe aka bi shi da silifa, mutane na dariya har da riƙe ciki.

Munira ba ta yi dariya ba. Ana tashi ta zagaya bayan ajin da 'yan wasa suke canza kaya.

"Kai ne lauyan?"

Ya juyo yana share gumi. Sai ya tsaya da sharewar. "Ni ne, ranki ya daɗe. Ƙara za ki shigar? Akwai ragi ga kyawawa."

"Ka taɓa shiga kotu?"

"Allah ya kiyaye!"

"To a ina ka ga lauyan da kake kwaikwaya?"

"A kaset mana. Na Indiya, na Kano, duk haka suke."

"Ubana manomin tattasai ne a Gashuwa," ta ce. "Shekara da shekaru bai ɗinka sabuwar riga ba don in sa irin wannan da kake shara da ita. Yanzu in na wuce unguwarmu, kirarinka yara suke yi min. Dama ina son in ga fuskar wanda ya koya musu. Na gani."

Ta juya ta tafi, ta bar shi da hular auduga a hannu.

Kwana kaɗan bayan haka saƙo ya shigo wayarta a ofishin da take aiki a Gashuwa.

"Salamu alaikum Barista ta gaske. Ni ne mai laifin Nguru. Na amsa laifina. Ina neman a yi min sassauci, ko da gaisuwa ce."

Ta goge. Washegari wani ya shigo.

"Tun ranar ban ci abinci da daɗi ba. Ban taɓa ganin wanda fushi ya yi wa kyau kamar ke ba. Ki ƙara yi min faɗa don Allah."

Wannan karon ta amsa: "Ba ka da kunya."

"Ina da ita, ke kika ƙwace," ya rubuto.

Ta kifa wayar a kan tebur don kada abokan aiki su ga murmushinta.

Haka abin ya fara. Nasrullahi ɗan Alhaji Babayo ne, babban dillalin banda a kasuwar Nguru, asalinsu Haɗeja. Da rana yana ɗaure kwalayen kifi a rumfar mahaifinsa, ranar da babu kasuwa kuma ya hau mota zuwa Gashuwa, ya iso da ƙura har gira. Mahaifin Munira, Malam Saleh, yakan dube shi ya yi masa sannu irin ta yankin ya ce, "Wushe, wushe, Cinye-Duka. Yau wa aka cinye?" sannan ya sa a shimfiɗa musu tabarma a zaure.

A zauren nan ta koya masa cewa a kotu ba a ihu, ba a buga tebur, kuma rabin aikin lauya zama ne da jira. Shi kuma ya koya mata dariya, abin da ta kusa mantawa.

"Gimbiyata," ya ce wata rana, "zan turo magabata."

"Ka gaya musu aikina?"

"Zan gaya musu."

"Ka fara gaya musu, ɗan wasa. Ba na son a gano ni kamar ɓoyayyen ciwo."

Ya gaya musu. Amsar ta zo ta bakin gwaggonsa, wadda ta zauna a ɗakin Inna Meram, mahaifiyar Munira, tana juya kofin kunu ba ta sha ba.

"Alhaji ya ce yarinya ba ta da aibu, gidanku ma gidan mutunci ne. Amma ba zai haɗa jini da wadda ake biya ta yi ƙarya ba. In ta ajiye aikin, gobe a kawo sadaki."

Munira tana bayan labule. Ta ɗaga shi ta shigo.

"Gwaggo, Alhaji ya taɓa hulɗa da lauya?"

"Ina zai yi? Ai muna gani a kaset. Ga ma na ɗanmu, gaba ɗaya gida muke zama mu kalla."

"To ki gaishe shi. Ki ce masa ban taɓa sayar da bakina ba, kuma ba zan sayar da karatuna don aure ba."

Bayan baƙuwar ta tafi, Inna Meram ta kama hannunta. "Ke kam harshenki. Ki ajiye na shekara ɗaya mana, in kin shiga ɗakinki kya lallaɓa."

"Inna, in na ajiye, na amsa cewa maƙaryaciya ce ni."

Malam Saleh ya miƙe. Ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Ba a gama da wannan ba sabon kaset ya fito daga ƙungiyarsu Nasrullahi. Munira ta gan shi a shagon mai hayar kaset, jama'a sun yi cincirindo a gaban talabijin. A ciki an yi wa Cinye-Duka mataimakiya, lauya mace. Karima ce ta fito a ita, yarinyar da duk Nguru ta san tana son Nasrullahi. Ta sa farin gilashi irin na Munira, ta ɗaura ɗankwali irin ɗaurinta, tana takawa da sauri kamar yadda take yi. Tana karɓar cin hanci tana kashe ido.

Wani ya waiwayo ya ga Munira. "Kai, ga ta nan da kanta!"

Har gida yara suka raka ta da kirarin. Ba ta yi gudu ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. Da ta rufe ƙofar ɗakinta sai ta ɗauki waya. Ta rubuta:

"Na ba ka zauren gidanmu, kai kuma ka kai ni kasuwa. Ka gaishe da Karima, ta iya tafiyata. Kada ka ƙara kirana."

Saƙonsa ya shigo nan take.

"Wallahi summa tallahi ban sani ba. Ranar da aka ɗauki nata ina Kano da kaya. Ita da Bilya mai shirya mana wasa suka haɗa, suka manna da tsohon nawa. Ki saurare ni, rabin raina."

Ta kashe wayar.

Makonni ta yi tana zuwa kotu a cikin wannan. Mai shayi ya yi mata kirarin, 'yan acaɓa su yi. Wata tsohuwa da ta zo da maganar gado ta leƙo ofis, ta gan ta, ta koma da baya tana neman tsari. Kowace safiya Munira ta goge baƙar rigarta, ta ɗaura ɗankwalinta yadda ta saba, ta sa gilashinta. Ko ɗaya ba ta canza ba.

Rannan ta dawo ta tarar da Nasrullahi a zaure, ya rame. A gabansa akwai buhu cike da kaset.

"Na bi shagunan Nguru na sayi duk wanda na samu," ya ce. "Na san an riga an kwafa, ban hana komai ba. Na kuma bar ƙungiyar."

"Sai yanzu?"

"Sai yanzu. Ba ni na yi na Karima ba, amma ni na yi uban nata. Na tsaya a gaban Baba na ce masa lauyan da yake ƙi daga kaina na ƙirƙiro shi, ban taɓa taka kotu ba. Na ce in gaskiya yake so ya zo ya gani da idonsa. Ya zage ni tas. Amma ya ce zai zo."

"Ni ba abin kallo ba ce, Nasuru."

"Na sani. Ki yi aikinki kawai."

Ranar da Alhaji Babayo ya zo, shari'ar Mudi ce, wani manomin shinkafa da ke rigimar iyakar gona a fadama da maƙwabcinsa. Munira ta hango Alhajin a kan benci ƙarƙashin bishiyar maina, cikin babbar riga, yana jan carbi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da ka.

Sai ga Mudi da samari biyu.

"Barista, ga ƙarin shaidu na kawo."

Ta dube su. "Gonar tana gabas da kogi ko yamma?"

Ɗaya ya ce gabas, ɗaya ya ce yamma.

"A ina ka samo su?"

"A tasha. Ke za ki gaya musu abin da za su faɗa, ai aikinki ne. Haka ake yi, mun gani."

"Ba a gabana ba. Ba za su rantse a kan gonar da ba su taɓa takawa ba. Tsohon da aka yi rabon a gabansa shi ne shaidarmu."

"Tsohon da yake mantuwa? Za a kayar da mu!"

"Ko da za a kayar."

Mudi ya tafi yana sababi. Alhaji ya yi murmushin gefen baki. "Kin iya shiri, yarinya. Kusan ki fi ɗana."

Jini ya hau mata kai. Ta sake durƙusawa, amma idonta na cikin nasa.

"Baba, da girmanka. Ban kira ka ba, ban kuma yi don kai ba. Jiya ba ka nan haka na yi, gobe ba ka nan haka zan yi. Ina son ɗanka, ban ɓoye ba. Amma in sai na zama 'yar wasa zan shiga gidanka, ka riƙe gidanka."

Ta miƙe ta shiga kotu.

Alhaji ya bi bayanta ya zauna a baya. Babu ihu, babu bugun tebur, sai fanka da ba ta aiki da alƙali yana rubutu a hankali. Tsohon ya faɗi abin da ya tuna, abin da ya manta ya ce ya manta. Munira ta yi iya yinta. Alƙali ya ba maƙwabcin yankin da ake rigima a kai.

A waje Mudi ya tara mata jama'a.

"Lauyar banza! Ko ƙarya ɗaya ba ki iya ba! Ko dai ɗayan ɓangaren ne ya saye ki?"

Wani daga nesa ya rera kirarin, aka yi dariya. Ta tsaya riƙe da fayil, idonta ya yi ja.

"Malam Mudi, akwai ɗaukaka ƙara. In kana so zan yi maka, amma da gaskiya. In ba ka so, nemi wani."

Mudi ya tofar da yawu kusa da takalminta.

"Kai!"

Muryar Alhaji Babayo ce. Ya ratsa mutane, ya tsaya tsakaninsu. "Ka ƙara tofawa ka gani. Mutumin banza, kai ka kwaso maƙaryata daga tasha, ita kake zagi?"

Wuri ya watse a hankali. Alhaji ya juyo gare ta.

"Babu wanda yake shirya wa kansa irin wannan," ya ce. "Ni tun ina saurayi ake cewa duk mai sayar da banda ruɓaɓɓe yake jerawa a ƙasan kwali. Ban taɓa yi ba. Har yau in baƙo ya zazzage kwalina a gabana, kwana nake da ɓacin rai. Sai ga shi na zazzage naki."

"Ka zazzage, Baba," ta ce. "Kuma ya yi ciwo."

"Ki yafe min, 'yata."

Hawayen da ta riƙe tun ranar kaset sai a lokacin ya zubo. Ta share da sauri, haushin kanta ya kama ta.

Da la'asar ta kunna waya ta rubuta: "An kayar da ni a kotu. Babanka yana zaure da nawa, suna shan kunu. Har yanzu ina fushi da kai."

Amsa ta zo: "Ki ci gaba da fushin a ɗakinki na Nguru, gimbiyata. Ina tasha, mota na cika."

Bayan an yanke shinkafa aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Saleh, wanda ya fito cikin sabuwar shadda yana amsa gaisuwa da Badanci, harshensu na gado, da Hausa. Da aka kai amarya Nguru, aka shigar da ita gaban surukinta, tsofaffin mata suka fara nasihar da aka saba: ki yi haƙuri, ki bi, ki rage baki.

Alhaji Babayo ya ɗaga hannu.

"Haƙuri ta riga ta yi, da idona na gani. Kai Nasuru, kai ne za ka yi sauran." Ya dubi amarya a cikin lulluɓi. "Yaushe za ki koma aiki?"

"Bayan sati biyu, Baba. Mudi ya dawo, ya ce a ɗaukaka."

"Ja'iri. To motar da ke kai kaya Gashuwa ta riƙa ajiye ki." Ya buɗe tafukansa, kowa ya buɗe nasa. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zuriya mai tsoron sa. Ke kuma, Allah ya tsayar da ke a kan gaskiya, ko an kayar ko ba a kayar ba."

Ɗaki ya amsa da amin, aka rangaɗa guɗa. Amin ɗin Munira ya fi na kowa fitowa, har gwaggo ta zungure ta cewa amarya ba ta ɗaga murya. Ta sake cewa amin, da ƙarfi.