Azarar Iya Kulu

Ranar da aka zo wa Salamatu da labarin rasuwar mijinta Ramalan a asibitin birni, tana tsakar gida tana sheƙar gero. Ta ajiye ƙwaryar, ta shiga ɗaki ta kwanta rigingine tana kallon azarar rufi. Nan ta wuni.

Shekarar samun mulkin kai ta fara ganinsa, a bakin ganuwar Rano. Tana tallar dafaffiyar gyaɗa, shi kuma yana kore da jaki ɗauke da wasu itatuwa baƙaƙe ƙirin.

"Makamashi ne, Malam?" ta ce.

"Rufin ɗakin amarya ne."

"Allah ya tsare amarya."

"Amin. Kanki kika yi wa addu'a."

Ta ja mayafi ta rufe baki. Tun daga ranar, jakin nan bai sake bin wata hanya ba.

Da magana ta kai ga mahaifinta, Malam Maharazu, sai ya je da kansa ya ga gidan da Ramalan ya gada. Ɗakuna biyu sun zube, na ukun babu rufi.

"Yaro, ba ni da abin cewa a kan halinka," ya ce. "Amma ba na ba da 'ya ɗaki ya rufta mata. Ka rufe shi kafin ruwan farko, in ba haka ba ka ba wasu wuri."

Wasun kuwa Ishiyaku ne, direban motar gyaɗa, mai gida rufin kwano.

Sabuwar azara ta fi ƙarfin Ramalan. Sai ya shiga bin kangaye har Rurum, yana roƙon masu su, yana tono tsohuwar giginyar da gara ta gwada ta haƙura. Duk da haka ba ta isa ba. Daga nan aka daina ganinsa zance.

"Mutuminki fa ya tare a Kibiya," Ishiyaku ya ce mata, yana kaɗa makullin mota. "Gidan wata tsohuwa mai jika mace."

Daren nan Salamatu ta kasa cin tuwo. Ranar kasuwar Kibiya ta bi goggonta, suka yi ta tambaya har gidan. Suka tarar da shi tsundum cikin kwaɓi har gwiwa.

Tsohuwar, Iya Kulu, ta ƙare mata kallo.

"Ke ce Salamen da ake damuna da ita? Azarar ɗakin marigayi maigidana yake so, da ƙyauren. Na ce ba na sayar da kayan mamaci. Sai dai ya yaɓe min nawa ɗakin, ya kwashe. Kishiyar taki kuwa ga ta can."

Wata jaririya ce ke rarrafe gindin turmi.

"Me ya hana ka aiko?" Salamatu ta ce a hankali.

"Kunya, Salame. Wani na zuwar miki da mota, ni ina taka laka."

Ta ɗauki tulu ta nufi rijiya ta ɗebo masa ruwan kwaɓi.

Hadari ya fara haɗuwa lokacin da ya gama daɓen rufi. Malam Maharazu ya zo, ya bi azarar ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sanda.

"Ka turo manyanka," ya ce. "Allah ya yi muku albarka."

Ranar da aka kai amarya da la'asar aka tsuge da ruwa. Ko ɗigo bai sauka a kan jerenta ba. Sai dai ƙyauren Iya Kulu ya ɗan yi wa ƙofar tsawo, yana jan ƙasa.

"Gobe zan sassaƙe shi," in ji ango.

Har suka aurar da autarsu yana faɗin haka.

Yanzu 'ya'yanta sun matsa a sa mata ƙofar ƙarfe, ta ce a bar mata abinta. Kullum da safe sai ta sa ƙafa ta ɗan ɗaga ƙyauren kafin ya buɗe.

"Malam, har yau goben ba ta yi ba," takan ce. Sannan ta yi wa Ramalan addu'a, ta fita alwala.