Kusurwar da Dogo Ya Zaɓa

Da Tanimu ya sayo wufa, babban akwatin kiɗa, a Funtua, yayansa Dogo ne ya nace a ajiye ta a kusurwar ɗakin marigayi babansu, wai nan sauti ya fi zama. Bayan isha Tanimu ya durƙusa yana murɗa ta har ƙasa ta ɗauki rawa. Sai aka ɗauke wuta, amma kiɗan bai tsaya ba.

Ƙarnin jini ya cika ɗakin. Ga wata tsohuwa zaune bisa akwatin, tana kaɗa kofato.

"Sannu, sabon maigida," in ji ta. "Dogo ya gaji da yi mini yanka. Ya ce wanda ya yi mini kiɗa a nan, shi ya gaje ni."

A waje, Tanimu ya ji Dogo ya tayar da babur.