Gammon Arzika

Ku rage fitilar nan, kananzir ba ruwan rijiya ba ne. Ku matso. Wanda ya san zai yi mini fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Kun san turken ƙarfen da ke arewa da garin nan namu, Dogon Marke, inda kuke ɗaure jaki in kun je itace? To, ba don jakinku aka kafa shi ba.

Nasaran da suka ci ƙasar nan iri biyu ne. Ingilishi suka taso daga kudu, suka ci Kano, suka ci Sakkwato, suka ci Katsina. Faransa suka ɓullo ta yamma, suka haɗiye Damagaram da Tasawa. Kura biyu, mushe ɗaya. Da suka yi kiciɓis sai suka ce a raba. Suka zo da sarƙar awo da madubin hange, suna tafe suna kafa turaku.

A garin nan suka nemi wanda ya san dawa. Aka nuna musu Arzika maharbi. Tafintansu ya ce masa, "Ina ƙasar sarkinku ta tsaya?"

Arzika ya sani sarai, iyakar sai bayan fadama. Amma shekara uku ba sa ga-maciji da ƙanensa Nomau a kan wata rijiya. Ya miƙa sandarsa tsakanin rijiyar da gidan Nomau. Ya ce, "Nan."

Shi ke nan. Unguwar Nomau, da fadama, da makabartar kakanninmu, duk suka faɗa hannun Faransa. Rijiya ta zauna wa Arzika. Kafin kaka biyu Faransa suka kwashe mazan unguwar zuwa aikin tilas, fasa dutsen hanya. Nomau bai dawo ba. Arzika kuwa ya mutu wuya a karkace, yana ta cewa a sauke shi, ba wanda ya ga abin da ke kansa.

Aka yi shekara talatin. 'Yar Arzika, Tarana, ta aurar da 'yarta a ƙetaren turke. Ran nan aka aiko yarinyar ta haihu. Tarana ta haɗa kanwa da yaji a ƙwarya. Dogaran Faransa suna tsare babbar hanya safe da yamma, da rana tsaka kuwa sai barci. Sai ta bi tsohuwar hanyar fako, rana na tsakar ka, ita kaɗai.

Ba tsuntsu. Ba iska. Inuwarta ta shige ƙarƙashin ƙafarta.

Ta hango wani tsoho tafe, a sunkuye, hannu biyu sama kamar mai tallafe da kaya. A kansa akwai gammo. A kan gammon babu komai.

"Sannu da rana, baiwar Allah."

Muryar ba daga bakinsa ta fito ba. Kamar daga gindin rijiya.

"Yawwa, Baba. Sannu."

"Taya ni saukewa."

Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. A da, ko maƙiyinka ne ya ce taya ni saukewa, ba ka wucewa. Hannu ne ke riga tunani. Tarana ta dire ƙwaryarta, ta kai hannu biyu saman gammon.

Sai ta ji nauyi.

Nauyin yana da sauti. Ta ji daka a cikinsa. Ta ji guga na faɗawa ruwa, da carar zakara, da wata mata tana kiran sunan mijinta ba a amsawa. Ta ji ƙamshin ƙasar fadama bayan ruwan fari.

Ta dubi ƙasa. Fako ne, wanda ko gatari sai ya yi tsalle a kansa. Amma ƙafafun tsohon sun nutse har idon sawu. Bayansa, ramukan sawu ne a jere, har iyakar gani.

Nata ma sun fara nutsewa.

Ta dubi gammon. Tsohon saƙi ne mai ratsin ja. Uwarta ce ta naɗe shi ta tokare wuyan Arzika ranar da zai cika. Bayan an kai shi kabari aka nemi saƙin, aka rasa.

Tsohon ya sauke ajiyar zuciya. Bayansa ya fara miƙewa. Hannunsa na dama ya zame daga kayan. Na hagu ya fara bi. Ƙashin wuyan Tarana ya ce ƙas. Ta gane: in ya saki, ita ce mai kaya. Ita za ta dinga yawo a fakon nan tana neman mai kunya irinta.

Ba ta yi ihu ba. Tarana uwata ce, kuma uwata ba ta ihu.

Ta ce, "Baba."

Hannun ya tsaya.

"Kai ka koya mini. Kayan mutane ba a sauke shi a hanya, sai a ƙofar mai shi. Riƙe gefenka."

Can hannun dama ya dawo kan kayan.

Haka suka tafi, shi a gaba, ita a baya. Taku ɗaya, a zaro ƙafa, taku ɗaya. Suka wuce turke. Suka wuce makabarta, tsohon ya kau da fuska. Har ƙofar Gagare, ɗan Nomau, wanda yanzu ya yi furfura, yana zaune a rumfa yana tufkar igiya.

Gagare bai ga kowa ba sai Tarana, hannu sama, gumi na ɗiga daga haɓarta.

"Ke Tarana, lafiya? Me kike tallafe?"

"Yaya, kayanku ne. Baba ya kawo."

Ya dubi ƙasa. Gabanta akwai ramukan sawu biyu, ba kowa a cikinsu, suna ƙara zurfi. Ya ajiye igiyar. Ya miƙe tsaye.

"Baffa, kai ne?"

Ramukan suka motsa.

Gagare ya ce, "Rijiya, na yafe. Maraicin da na sha, na yafe, albarkacin wannan baiwar Allah. Amma ubana yana ƙarƙashin hanyar Faransa, shi da mutum tara. Nasu ba nawa ba ne da zan bayar. Je ka neme su. Sakar mata hannu."

Tarana ta ji hannuwanta sun faɗo. Ta zube a gwiwa. Suna kallo sawun ya juya, ya miƙi arewa. Yanzu iyakarsa diddige. Ya rage, amma bai ƙare ba.

Washegari ta koma ɗauko ƙwaryarta, da maza biyu. Gammon yana kan faifan da ta rufe ƙwaryar da shi, a naɗe. Ta gwada shi sau ɗaya, ta ɗora dutsen niƙa a kansa, ta ji kamar auduga. Mata suka ce ta samu. Ta ce, "Nauyin da ba ka ji ba, wani ke ɗauke da shi." Ta binne shi a gindin turken.

Malamai sun ce matacce ba ya dawowa, aljani ne ya ari kamarsa. Ni ban yi karatu ba. Na dai san ni na yi wa uwata wankan gawa, mu uku muka yi ta fama, wuyanta ya ƙi miƙewa.

Don haka kada na ji ɗayanku ya bi hanyar fako shi kaɗai da rana tsaka. In an ce muku taya ni saukewa, ku fara duban ƙafa.

Kai kuma Cindo, daina ɓuya bayan 'yar'uwarka. Na zaga gona jiya. Gambar da ke iyakarmu da Malam Tunau ta shiga gonarsa taku biyu tun da ka yi huɗa. Gamba ba ta da ƙafa. Kana sallame asuba ka je ka mayar da ita. Abin da wuyan gidan nan ya ɗauka ya isa.