Takalman Birki Daga Kukuo

Ana gab da kiran magariba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin Sayibu. Yana tsugune a tsakar gida yana wanke baƙin mai daga hannuwansa, matarsa Fadilatu tana kwashe tuwo, 'yarsu Shahida tana ninke kayan makaranta. Ya ɗauka yaran unguwarsu ta Kanvili ne ke jifan mangwaro. Ya leƙa waje, layin shiru, sai wata akuya a gindin katanga. Kafin ya juyo wani dutsen ya sauka, wani kuma ya faɗa cikin tukunyar miya, alhali rumfar girkin a rufe take.

Abin ya zo masa ne a ranar da ya zaci wahalarsa ta ƙare. Sayibu direban tasi ne, da motar yake ciyar da gidansa. Tun farkon damina birkin baya ke kuka, har Yidana, fitan da ke masa gyara a Tishigu, ya ce takalman birkin sun cinye, ƙarfe ke gugar ƙarfe. Na asali babu su a Tamale. Ya sayo na kwaikwayo, mai shago ya rantse masa daidai suke, amma kunnensu ya yi tsawo, suka ƙi shiga mazauninsu. Ya koma ya sayo wasu. Waɗannan suka shiga, sai dai suna rawa, suna ƙwanƙwasa a kowane rami. Aka aiko daga Kumasi, da aka buɗe kwalin na birkin gaba ne. Yidana ya ce a goge kunnen na farkon da zarto, Sayibu ya ce ba zai ɗauki 'ya'yan mutane a kan birkin da aka sassaƙa ba. Motar ta zauna, yana kallon 'yan yalo-yalo, masu babur mai ƙafa uku, suna kwashe masa fasinjoji.

Sai Yidana ya tuna da wata matacciyar mota irin tasa sak, a bayan Kukuo, a ƙarƙashin wata tsamiya da ke kan gangare. Mai ita ya rasu da daɗewa, danginsa suka ce a ɗauki abin da ake so. Da safiyar ranar da aka fara jifan suka je suka kwance takalman. Suka shiga motar Sayibu kamar don ita aka yi su.

Jifan bai tsaya a rana ɗaya ba. Kullum rana ta yi ja sai ya fara. Daga baya aka soma jin kukan jariri daga cikin motar da ke ajiye a ƙofar gida, a kulle, babu kowa ciki. Fadilatu ta daina girki a waje. Sayibu kuwa haushi ya fi tsoro yawa a ransa. Yana cewa wane irin abu ne wannan, mutum ya samu birki ya rasa barci.

Ranar Alhamis da yamma Shahida ta ɗauko buta za ta yi alwala, sai ta tsaya cak. Ƙafarta ta hagu ta lanƙwashe, ta faɗi. Da uwar ta ɗago ta, idanun a buɗe suke amma ba su san kowa ba. Ta ja ƙafar har bakin ƙofa, ta zauna tana kallon motar, tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin goyo.

Aka ɗauko Malam Zubeiru daga Tishigu, tsoho marar yawan magana. Ya zauna a kan tabarma daura da yarinyar, ya sa uban ya riƙe kafaɗunta, ya fara karatu a hankali. Can jikin Shahida ya yi nauyi a hannun Sayibu, wata murya ta fito daga bakinta, ta mace ce, amma tsohuwa, a dishe.

Malam ya tambaye ta ko wace ce, da abin da ya kawo ta gidan mutane.

“Shi ya fara zuwa nawa,” in ji muryar. “Ya cire abin da ke riƙe mini gida.”

Ta ce ita da 'ya'yanta a cikin motar nan ta Kukuo suke zaune tun mutuwar mai ita. Birkin hannu ne ke riƙe da ita a kan gangaren. Da aka zare takalman, la'asar ba ta yi ba motar ta gangara ta faɗa kwazazzabo, ƙaraminta ya karye a ƙafa. Sayibu ya tuna sun tafi ba su ko sa dutse a bayan taya ba.

Ta ce a ba ta motarsa ta koma ciki, ko ta zauna a jikin yarinyar. Malam ya ce ko ɗaya ba za ta samu ba. Wanda ya yi ɓarna bai sani ba gyara ake nema a wurinsa, ba 'yarsa ba. Ya ƙara karatu, muryar ta yi ƙara, ta ce ya dakata.

Sayibu ya yi ta maza ya ce, “Malam, akwai sababbi a kwali. A gaya mata zan sa mata sababbi.”

Kan Shahida ya juyo a hankali ya dube shi.

“Waɗanda ka ƙi ɗaukar 'ya'yan mutane a kansu? Nawa ba 'ya'ya ba ne?”

Aka daidaita a kan ya mayar mata da takalmanta, ya jawo motarta zuwa gindin tsamiya kafin magaribar gobe. Malam ya sa ta yi alkawarin ba za ta dawo ba. Shahida ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a jikin ubanta, barci ya ɗauke ta.

Washegari Yidana ya kwance takalman yana ƙunƙuni, ya ce shi kam ba zai sake taka Kukuo ba. Sayibu ya tafi shi kaɗai. Ya roƙi wani mai tarakta ya jawo motar daga kwazazzabon, bai gaya masa dalili ba. Ya kwanta a cikin ciyawa da tsatsa ya ɗaura takalman, ya ɗaure kowane noti da kyau, ya ja birkin hannu har ya ji ya kama. Ya tura motar da kafaɗa, ba ta motsa ba. Duk da haka ya mirgino manyan duwatsu ya tokare tayoyin. Ya yi sallama a hankali, bai jira a amsa ba.

A bakin hanya ya tarar da Fadilatu a kan babur ɗinta, ta zo ɗaukarsa. Ta ce Shahida ta tashi da ƙafarta, ta sha koko, tana tambayar inda Baba ya tafi. Sayibu ya goge hannu a wando ya hau bayanta. Da suka doshi gangaren sai ya ce ta bi a hankali.

“Riƙe dai, Baban Shahida,” in ji ta. “Nawa birkin yana ci.”