Ranar da Na Zauna a Madadin Kaka Geng

"Ko ya sha, ko ya ɗauki dinyarsa ya fita!"

Baba ne ya faɗa, yana nuna tsuntsuwar da Tan ya kawo ta neman aurena. Tana ɗaure a tsakar gida tana ta kuka.

"Baba, kashe shi fa za a yi..."

"To? Ni na kafa dokar?"

Tan ma'aikacin sarkin Zhou ne, shi ke duba gonakinmu. Mu kuwa mutanen Shang ne, waɗanda aka ci da yaƙi aka kwaso aka zube a bakin kogin Luo. Sarki ya ce giya ce ta rushe mulkinmu. Duk ma'aikacinsa da aka kama yana sha a taron da ba na kakanninsa ba, a ɗaure shi a kai shi Hao, babban birninsu da ke yamma, a kashe.

A gidanmu kuma ba a ba da 'ya sai mai nema ya sha daga ƙoƙon kakanni a gaban dangi.

"Dubi yadda take tsaye," in ji Goggo, ƙanwar Baba. "Kamar sanda! Ke 'yar yamma, a can ba a koya muku sunkuyawa ba?"

An koya mana, amma irin tasu. Ina shekara bakwai aka tafi da ni Hao tare da 'ya'yan manyan gidaje, don iyayenmu su ji tsoron tawaye. Shekara goma sha biyu na yi. A can 'yar Shang ake ce mini. Da na dawo na zama 'yar Zhou.

"Ga Lu, ɗana, jininku," Goggo ta ci gaba. "Shi ko tulu guda aka ba shi zai shanye."

"Na lura, Goggo."

"Yaya, kana jin ta ko?"

Baba bai dube ni ba. "Ranar hadayar Inna yaron zai zo. Saura kwana huɗu." Inna ita ce marigayiya mahaifiyarsu, Kaka Geng.

Washegari da hantsi na tarar da Tan a bakin gonar gero, yana auna kunya da igiya.

"Zan sha," ya ce tun kafin in gaishe shi.

"Ba za ka sha ba."

"Kurɓa ɗaya ce, Yun tawa. Wa zai gani?"

"Lu ya gayyato dakaru biyu daga gidan hakimi. Wai su zo cin nama."

Ya tsaya da awon.

"Kai! Ɗan Goggon naki akwai karamci."

"Wasa kake yi?"

"To kuka zan yi? In na ƙi sha na rasa ki. In na sha na rasa kaina. Ke wanne kika fi so, ni da kai ko ni da ke?"

"Tan!"

"Sanyin idona, gaya mini. Ke kika zauna da mu, kika zauna da su. Wa ke da gaskiya?"

A Hao an koya mini cewa Sama, wadda suke bauta wa, ta ƙwace mulki daga hannunmu saboda maye, na kuma yarda. A gida Baba yana zuba wa matattu giya, wannan ma na yarda.

"Ban sani ba," na ce.

Da na koma gida Goggo ta tare ni da fara'a. Nan na san akwai magana.

"Albishirinki! Ke za ki zauna a madadin Inna."

Haka ake yi. Ranar hadaya jika ke sa kayan mamaci ya zauna a tabarmarsa, namiji ga namiji, mace ga mace. A ba shi abinci ya ci, a ba shi giya ya sha. Duk abin da ya fito daga bakinsa, mamacin ne ya faɗa.

"Ban taɓa yi ba, Goggo. Ban ma tuna fuskar Kaka ba."

"Ba wuya, 'yar nan. Ki karɓi ƙoƙo, ki kurɓa, ki mayar wa wanda ya miƙo ya shanye sauran. Shi ke nan."

Sai da ta tafi na gane. Da hannuna zan miƙa wa Tan. Kuma ba ni da bakin roƙo, domin a ranar babu Yun a ɗakin.

Kwana uku na yi a keɓe, ruwan gero kaɗai nake sha. Na shirya dabaru kusan goma, babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Rana tsaka aka shigar da ni ɗakin kakanni. Rigar Kaka ta yi mini yawa, tana warin akwati. Ana kaɗa ganga da ƙararrawa, hayaƙin naman rago ya cika wurin. A bakin ƙofa dakaru biyu suna zaune, Lu yana zuba musu romo. Na ga igiya a ƙugun ɗayansu.

Baba ya durƙusa a gabana. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar.

"Inna, ga abin sha."

Na kurɓa. Ban taɓa ɗanɗana giya ba. Ta sauka kamar garwashi a cikin da babu komai. Na mayar masa, ya shanye.

Goggo ta zo. Lu ya zo. Dangi suka yi ta zuwa, ina ta kurɓa.

Sai Tan.

Ya durƙusa irin na mutanen yamma, wasu suka yi dariya. Ya ɗago ƙoƙon tagulla da hannu biyu. Ya yi mini ɗan murmushi, na kuwa san zai sha.

Na karɓa. Na kurɓa.

Ya miƙo hannu.

Ban san abin da ya faru da hannuna ba. Ya ƙi tafiya. Na kafa kai na shanye tas.

Ganga ta tsaya.

"Inna..." in ji Baba. "Na baƙo ne sauran."

Ya sake cikawa. Tan ya sake miƙowa. Na sake shanyewa.

"Yaya, da gangan take yi!" Goggo ta yi ihu.

"Rufe mana baki!" in ji Baba. "Da wa kike?"

Na tuna ƙoƙo na uku. Na tuna ginshiƙan ɗakin suna zagayawa. Daga nan ban tuna komai ba.

Na farka rana ta yi sama, kaina kamar ana daka a ciki. Goggo na zaune nesa da ni, a bakin ƙofa.

"Wa ya gaya miki sunan nan?" ta tambaya.

"Wane suna?"

"Kar ki raina mini hankali! Ƙaramin Kunkuru. Inna kaɗai ke kiran Yaya haka, tun ba a haife ki ba ta daina."

"Ni na faɗa?"

"Da ƙatuwar murya! Kika ce, 'Ƙaramin Kunkuru, ka bari aka tafi da jikata shekara goma sha biyu. Ƙishin shekarun nan nake kashewa, babu mai raba ni da ƙoƙona. Yaron nan ya shayar da ni sau uku, ya isa. Ka ba shi.' Sannan kika nuna Lu kika ce ya raka baƙinsa, gidanki ba mayanka ba ce."

"Dakarun fa?"

"Sun shinshina bakin Tan, ba su ji komai ba. Suka nannaɗe ƙafar rago suka tafi." Ta kalle ni a kaikaice. "Ke ce, ko ita ce?"

"Ban sani ba, Goggo."

Ta ja tsaki. Amma da baya-baya ta fita.

Tan ya zo da yamma, bakinsa har kunne.

"Yun tawa! Ashe haka kike? Har ni kika ruɗa! Muryar nan, a ina kika koyo ta?"

"Ban koya ba."

"Haba, ni ne fa. Yaushe kika shirya?"

"Ban shirya ba, Tan. Ban ma san na yi ba."

Ya yi dariya ya kama hannuna. Bai yarda ba, har yau bai yarda ba. Ni kuma na yi ta laluben ƙuruciyata. Wataƙila ina ƙarama na taɓa jin sunan a bakin wata tsohuwa. Wataƙila ban taɓa ji ba. Maganar shekara goma sha biyun kuwa, na san na daɗe da ita a ciki, amma ban taɓa nufin in faɗa masa ba.

Bayan girbi aka yi bikin. Tan ya zo da keken doki ɗaukata, kamar yadda suke yi. Tun ranar hadaya Baba bai sake yi mini tsawa ba. In na shigo sai ya miƙe. In na yi magana sai ya sunkuyar da kai. Shekara goma sha biyu ina jiran in dawo in zama 'yarsa.

A ƙofar gida ya kamata uba ya yi wa amarya gargaɗi. Na tsaya ina jira. Na so ya yi mini faɗa, ko da kalma ɗaya ce.

Sai ya durƙusa a cikin ƙura, a gaban mutane.

"Ki yafe mini."

"Baba, tashi! Ni ce fa... Yun ce."

"Na sani, Inna," ya ce. "Ki sauka lafiya."