Kunnen da Ba a Haɗa wa Waya Ba

Kwana biyu na yi a ƙarƙashin sitiyarin Land Kuruzar yayana Kassim, har bayana ya daina sanin miƙewa. Shekara ashirin ina aikin mota a Gadarif, amma ban taɓa yin aikin da ya sha mini rai kamar wannan ba.

Tun farkon damina hannunsa na dama ya shanye. Motar mai canza giya da kanta ce, amma a taɓon hanyar gonarmu ta Mafaza sai mutum ya riƙe ƙaramar giya da hannu, sandar giyar kuma tana dama. Ga riɗi ya nuna, shi kuwa ba ya jiran mai shi, in aka makara sai ya zube a ƙasa. Shi ya sa na samo masa 'yan ƙarafan nan da ake ɗaurawa a bayan sitiyari, a riƙa canza giya da yatsa. A garejinmu kunnuwa muke ce musu. Na jera biyu a hagu, na ƙarawa da na ragewa. Ɗaya ya yi saura, zan jefa shi a akwati.

"Ɗaura shi a dama, Lukman," in ji Yaya. "Kar ka haɗa waya. Duba nan."

Ya ɗora hannun a kan cinyarsa, ya ciji leɓe. Yatsu biyu suka motsa. Kaɗan dai, amma sun motsa.

"Daktor ya ce yana dawowa. Baɗi in sha Allah ka haɗa masa."

Na ɗaura shi haka nan ba waya, don kada in kashe masa jiki.

Bayan la'asar muka fita gwaji, yana tuƙi da hagu, ina gefensa ina hamma. Kunnuwan suna aiki, ƙas, ƙas, giya na shiga lafiya. Da muka bar kwalta muka faɗa wani kwari da ruwan ƙarshe ya bari da taɓo. Motar ta yi ta gurnani har muka haye, sai allurar zafi ta tashi. Laka ta toshe fuskar lagireto.

Rana ta riga ta faɗi. Babu gida, babu makiyayi, sai itatuwan ƙaro da baƙar ƙasa duk ta tsattsage.

Innarmu Ummuhani, Allah ya jiƙanta, ko ruwan wanke shinkafa ba ta zubarwa da magariba sai ta yi bisimilla, ta ce wa masu wurin su kauda 'ya'yansu. Zubar da ruwan zafi kuwa, duka ne a gidanmu. Na san wannan kamar yunwar cikina. Amma gajiya ta cinye ni, so nake kawai in koma in kwanta. Na nannaɗe hannuna da tsumma, na kwance tiyon ƙasan lagireto, bakina a rufe.

Tafasasshen ruwan ya kwarara, ya bi wata tsaga a ƙasa ya shige.

Sai na ji kuka.

Siririn kuka, irin na jariri, daga can ƙasa. Gyare suka yi tsit gaba ɗaya. Wani ƙauri ya taso, ba na roba ba, ba na mai ba. Ƙaurin gashi.

"Ka ji?" na ce.

"Zuba ruwan jarka," in ji Yaya a hankali. "Yalla, mu tafi."

Na wanke lakar, na ɗaure tiyo, na cika lagireto. Muka juya.

Ba mu yi nisa ba na ji ƙas.

Motar ta rage giya. Na dubi yatsun Yaya, suna saman sitiyari, ba su taɓa komai ba.

Ƙas.

Kunnen dama ne. Na gan shi da idona yana lanƙwasawa yana komawa. Wanda ba shi da waya. Ni na ɗaura shi, na san babu abin da ya haɗa shi da inji.

Ƙas. Giya ta ɗaya. Yaya ya take mai, injin na ihu, motar na rarrafe. Sannan ta tsaya.

Kujerar baya ta yi ƙara, kamar an zauna. Ƙaurin ya cika motar. Bayan wuyana ya ɗau zafi, kuma kusa da kunnena ana jijjiga wani abu mai shessheƙa.

Muryar mace ce, ƙasa ƙasa, ba faɗa a cikinta. Da ta yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

"Wane hannu ne ya zuba?"

Na dubi hannuna na dama, har yanzu tsumman na naɗe a kai. Da shi nake ci, da shi nake ciyar da yara biyar. Na buɗe baki, harshena ya ƙi tashi. Wallahi na ji tsoro, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da ya ƙi tashin.

"Wane hannu?"

Yaya ya saki sitiyari. Ya sa hagunsa ya ɗago damansa daga kan cinya, ya miƙa shi baya ta tsakanin kujeru, bai waiwaya ba.

"Motata ce," ya ce. "Ni na kawo shi nan. Ga shi."

"Yaya..."

"Uskut, yi shiru."

Na ga yatsun nan biyu sun motsa sau ɗaya, kamar an kama su. Ya ja numfashi ta haƙora. Shessheƙar ta lafa. Ƙofar baya ba ta buɗe ba, amma kujerar ta sake yin ƙara, sai gyare suka ci gaba da kuka.

Ya mayar da hannun kan cinyarsa, ya taɓa kunnen hagu, motar ta tafi. Har muka ga fitilun gari ina karanta Ayatul Kursiyyu, ina kuskure ina sakewa.

An yanke riɗi a kan lokaci, shi ya riƙa kai kansa gona. Hannun kuwa bai sake motsi ba. Likita ya juya shi, ya soka masa allura, ya ce bai gane abin da ya mayar da shi baya ba. Yaya bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi duka ciwo.

Yanzu ko ragowar shayi zan zubar sai na yi bisimilla da ƙarfi, abokan aiki suna yi mini dariya, ina ƙyale su.

Bana ya kawo motar juyen mai. Ina ƙarƙashinta na ji ya kira ni. Na fito, na tarar yana kallon kunnen dama, ƙura ta rufe shi.

"Halas, shi ke nan, Lukman," ya ce. "Cire wannan. Ba mai taɓa shi."

Na ɗauko sukundireba da hannuna na dama, na kwance shi.