Shuɗiyar Hula a Unguwar Mikiya

Ranar da Eliezer ya fara shiga kantin Don Fermín, da shuɗiyar hula a kansa ya shiga. Masu wasan domino a bakin ƙofa suka dakata, hira ta ɗauke. A wannan unguwa ta birnin Santiago, kowane gida na Mikiya ne, ƙungiyar wasan ƙwallon sanda, wato besbol, mai rawayar riga. Shuɗi kuwa launin Damisa ne, ƙungiyar babban birni, wadda suka gaji ƙinta daga kakanni.

Budurwar da ke tsaron kantin ta dube shi, ta dubi hular.

"Bawan Allah, ɓatan hanya ka yi, ko rayuwar ce ta ishe ka?"

"Gahawa na zo sha. Ni ne sabon kafintan da ya kama shagon kan kwana."

"Gahawarmu ba ta zama a cikin 'yan Damisa."

"Zuba kaɗan, mu jarraba."

Ta zuba masa tana danne murmushi. Yokasta ke nan, autar Don Fermín. Eliezer ya koma shago, ya yini yana auna katako yana manta awon.

Zaman unguwar bai zo masa da sauƙi ba. Yara suna bin sa da kukan kyanwa. Sau da yawa ya wayi gari ya tarar an shafe ƙofar shagonsa da rawayan fenti. Idan ɗan wasan Damisa ya doka ƙwallo ta tsallake katanga, unguwa takan yi tsit, shi kuwa sai ya toshe bakinsa da hula ya yi murnarsa a ciki. Amma kowace safiya yana kantin, har gahawa ta zama hira, hira ta zama saƙon waya.

"Damisana, jiya an lallasa ku. In kawo maka romo, ko hawayen sun ƙosar da kai?"

"Kawo romon, Mikiyata. In dai daga hannunki ne, na yarda a ci mu kullum. Amma kada ki faɗa wa kowa na faɗi haka."

Da magana ta yi ƙarfi, Eliezer ya sa farar riga ya je gaban mahaifinta. Don Fermín ya saurare shi har ya gama.

"Yaro, ban ji wani aibu a halinka ba, aikinka kuma yana da kyau. Amma jikokina ba za su tashi cikin shuɗi ba. Ka cire hular nan a gaban jama'a, ka sa rawaya, sannan mu yi magana."

"Don Fermín, hular mahaifina ce. A kafaɗarsa na fara kallon wasa. Ba zan iya ba."

"To ni ma ba zan iya ba."

Wanda ya fi kowa jin daɗin wannan shi ne Wáscar, ɗan acaɓan da ke kaɗa ganga duk ranar wasa, wanda ya daɗe yana son Yokasta, ita kuwa ko kallo bai ishe ta ba.

Da yamma saƙonta ya shigo.

"Tsumma ne fa, Eliezer. Ashe tsumma ya fi ni daraja a wurinka?"

"Idan na cire ta yau don a ba ni ke, gobe da wane ido za ki yarda da alkawarina?"

Daga nan saƙon waya ya tsaya. Gahawar safe ta yanke. Eliezer ya riƙa wucewa ta gaban kantin kansa a sunkuye, ita kuma tana juya baya kamar tana jera kaya.

A shekarar nan ƙungiyoyin biyu ne suka kai wasannin ƙarshe. Al'adar unguwar kuwa ita ce, wadda ta faɗi a yi mata jana'iza: a ƙera akwatin gawa, a shafa masa launinta, masoyanta su ɗauka daga kanti zuwa mararraba ana yi musu dariya. Wáscar ya kawo shawarar a ba Eliezer aikin akwatin, tunda idan Damisa ta faɗi shi zai ɗauka shi kaɗai.

Eliezer ya ƙera shi da kyau, ya goge, ya kawo ba fenti.

"Ina shuɗin?" in ji Wáscar.

"Ba a shafa wa akwati launi sai an buga ƙwallon ƙarshe. Kowa ya san wannan."

"Tsoro yake ji, jama'a."

Tsofaffin domino suka yi gunaguni, amma Wáscar bai saurara ba. Ya shafe akwatin da shuɗi tun saura wasa ɗaya, har ya maƙala masa wutsiya.

Damisa ta ci.

Eliezer ya yi ihun da ya daɗe yana haɗiyewa, ya buɗe tagarsa, ya rataye tutar mahaifinsa.

Washegari Lahadi, bayan an taso daga coci, motocin 'yan Damisa daga wasu unguwanni suka cika mararraba da oda, suna jiran gawa. Ƙofofin unguwa suka kasance a rufe. Aka ce Wáscar ya tafi garin Moca duba gwaggonsa tun asuba.

Don Fermín ya fito shi kaɗai, cikin rawayar rigarsa. Da hannunsa ya shafe shuɗin akwatin da rawayan fenti. Ya sunkuya ya kama gefe ɗaya, akwatin ya ƙi tashi. Daga mararraba dariya ta ɓarke. Yokasta tana tsaye a ƙofar kanti, idonta ya cika da ƙwalla.

Eliezer ya tsallako titi, shuɗiyar hularsa a kansa, ya kama ɗaya gefen.

"Me ya kawo ka? Je ka yi rawa da 'yan'uwanka."

"Zan yi, Don Fermín, rawata tana nan tana jirana. Amma ni na ƙera shi, na san nauyinsa."

"Fentin bai bushe ba. Zai ɓata maka riga."

"Riga ce kawai. Ɗaga, a hankali."

Suka ɗaga. Ba su yi nisa ba ƙofa ta buɗe, wani tsohon ɗan domino ya fito ya sa kafaɗa, sannan wani, sannan mata da yara. Kafin a kai mararraba unguwa duka tana bayan akwatin, ana kukan ƙarya ana dariyar gaske. 'Yan Damisa suka daina oda, suka shiga tafi.

Da aka sauke, Don Fermín ya tsaya yana haki. Ya daɗe yana duban rigar Eliezer da ta yi kaca-kaca da rawaya, da hular da ba ta motsa ba.

"Na ga wanda ya kaɗa mini ganga, na ga wanda ya ɗauki kaya da ni. Mutumin da unguwa guda ta kasa raba shi da ƙungiyarsa, ban ga abin da zai raba shi da 'yata ba. Turo manyanka."

Wayar Eliezer ta yi ƙara a aljihu. Yokasta tana nesa kaɗan, waya a hannunta, tana share ido.

"Kada ka taɓa cire ta, Damisana. Amma baɗi za mu rama."

An ɗaura auren kafin sabuwar kaka ta wasa ta kama. Aka dafa sancocho, farfesun ƙasar, a manyan tukwane a tsakiyar titi, Wáscar ma ya dawo ya kaɗa ganga, ya kuwa kaɗa da kyau. Doña Nereida, uwar amarya, ta haɗa hannuwansu cikin nata.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Ya sa duk faɗanku ya tsaya a kan ƙwallo."

Jama'a suka amsa da amin.

Katakon akwatin nan Eliezer ya mayar da shi benci a ƙofar kanti. A kansa suruki da suruki suke zama duk ranar wasa, ɗaya da rawaya, ɗaya da shuɗi, suna gardamar hular da jikan fari zai sa. Yokasta kuwa takan kawo musu gahawa, ta ajiye a tsakaninsu, ta koma ciki tana dariya.